Ɓerayen Holan da Kaskon Hajiya

Tun da na dawo daga ƙasar Holan ban huta da tambaya ba. A ofis, a gidan suna, har a layin mai markaɗe: "Rabi, yaya Turai? Da gaske ɓeraye kika je yi wa aiki? Ina tsarabarmu?" Wata ƙawata da ta rungume ni cewa ta yi, "Ke dai Turai ba ta canja ki ba, humrarki na nan kamar ta amarya." Na yi mata dariya, don amsar ba ta faɗuwa a tsaye. To ga labarin nan gaba ɗaya, kowa ta karanta ta ƙyale ni in sha iska. Wadda ke neman labarin dogayen benaye da ƙanƙara ta nemi wani matafiyin.

Ni ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce a wata cibiyar bincike a nan Kaduna. Aikina kula da fararen ɓerayen da ake gwada magani a kansu: in ba su abinci, in auna su, in share kejinsu. A Badarawa muke zaune, gidan gado, ni da maigidana a sashe ɗaya, mahaifiyarsa Hajiya a ɗaya sashen. Ɗanmu ɗaya ne, Halifa. Sunan marigayi mijin Hajiya ya ci, shi ya sa take ce masa Maigida. Shekararsa bakwai, maganarsa ba ta wuce 'yan kalmomi ba, ba ya kallon idon mutum, ba ya gaida kowa. Yakan wuni yana jera marafan kwalba a kan dakali, in ka taɓa ɗaya ka taɓo wa kanka. Kuma tun da na yaye shi bai taɓa zuwa jikina don kansa ba. In na matso ya ja da baya, in na kama shi ya banƙare.

Likita ya ce otizim ne, larurar da mutanenmu ke jefawa cikin kwandon galahanga tare da sauran. Hajiya ta ce likita ya faɗi nasa, amma ita ta san shafar aljanu in ta gani. Hujjarta ɗaya ce: duk ranar da aka zuba turaren wuta a gidan, Halifa zai toshe hanci ya yi ta ihu har sai ya samu lungun da zai shige. "Ɗan'adam ne ke gudun ƙamshi?" in ji ta. "Waɗanda ke jikinsa ne ke ƙonewa." Ta samo wani malami a Kawo mai maganin hayaƙi, wanda ake lulluɓe yaro da bargo, a sa kasko a ƙarƙashinsa, a yi ta turara shi safe da yamma har mutanen su fita. Na daɗe ina kaucewa da dabara, har dabara ta ƙare mini.

Ana cikin haka sunana ya fito cikin waɗanda za a tura horo na 'yan makonni a wata jami'a a Holan, inda suke amfani da ɓeraye wajen binciken otizim ɗin kansa. Na ɗauki takardar na je na durƙusa gaban Hajiya.

"Hajiya, don Allah a yi mini haƙuri da maganar hayaƙin nan har in dawo. Wurin masu binciken ciwon zan je."

Ta ce, "To. Ki je ki samo wa Maigida magani. In kin zo da shi, falillahil hamdu. In kin dawo hannu rabbana, a bar ni in yi nawa."

Baban Halifa yana zaune, ya ce shi ne shaida, ba wanda zai taɓa yaron kafin in dawo.

Kada wata ta ɗauka Hajiya muguwa ce. Ita ta haɗa mini kilishi da daddawa da yaji. Ita ta kwashe kayana duka, atamfofi da hijabai har da safa, ta yi ta turara su a kan kabbasa, wai kada in je in ba su kunya cikin Turawa. Duk kwanakin da ake turaren nan Halifa a bayan tankin ruwa yake wuni. Ranar tafiya a can na je yi masa sallama, na miƙa hannu, ya juya mini ƙeya.

A tashar Kawo na shiga motar Abuja. Kusa da ni wani Alhaji ne mai shagon hatsi, wanda tun kafin mu fita gari ya gama jin tarihina. Da na ce masa Turai zan je koyon aiki da ɓeraye, sai ya juyo gaba ɗaya ya dube ni.

"Ɓera dai, 'yata? Ɓeran da na sani?"

"Shi fa, Alhaji."

"Har jirgi za ki hau? Ki zo shagona, wallahi kyauta zan ba ki, har in biya miki kuɗin keke napep ki kwashe su."

Motar ta ɗauki dariya, direba har da dukan sitiyari. Daga nan har Abuja sunana Hajiyar ɓeraye, ko a shingen jami'an tsaro da haka direba ya gabatar da ni.

Jirgi ba ni da abin faɗa a kansa, sai dai ƙafafuna sun kumbura kuma abincin kamar an dafa shi da hawaye. A filin jirgin Holan ne wani ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna gaban akwatina kamar mai jiran sadaka. Jami'in da ke riƙe da shi ya ce in buɗe. Kilishi ya fara ɗauka, ya ce nama ba ya shiga. Da ya kwance ƙullin daddawa sai da ya ja da baya, ya riƙe ta nesa da jikinsa, ya tambaye ni ko abinci ne. Na ce abinci ne, kuma shi ke sa abinci ya zama abinci. Bai gamsu ba, ya jefa ta cikin kwandon shara. Sannan ya buɗe kwalbar humrata, ya sunsuna, ya yi murmushi ya miƙo mini. Da na san abin da ke gabana, da na ce ya riƙe kwalbar ya ba ni daddawata.

Masaukina ɗaki ne a gidan ɗalibai, bai fi kicin ɗina na Badarawa girma ba. Washegari da safe na haɗu da maƙwabcina a matakala, na gaishe shi yadda aka koya mini a gidanmu: yaya ya kwana, yaya gajiya, yaya mutanen gida. Ya tsaya ya cire abin kunnensa, ya ce ko akwai abin da nake buƙata. Na ce babu. Ya mayar da abin kunnensa ya wuce. Haka garin yake. A jirgin ƙasa kowa idonsa na kan gwiwarsa. Da rana kowa ya ciro busasshen burodi mai sanyi da cuku ya ci a gaban ɗan'uwansa, ba mai ce maka bismillah. Masu kekuna kuwa sun kusa kashe ni, don ban san jar hanyar da ke gefen titi tasu ce ba, na miƙe a kai kamar gonar ubana. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, nan ga ƙasa guda ba mai gaida wani kuma ba wanda aka lulluɓe da bargo. A Badarawa kuwa rashin gaisuwar yaro ɗan shekara bakwai ya hana unguwa barci.

Ranar Lahadi da hantsi kewar gida ta kama ni. Na kunna ɗan gawayin da na ɓoye cikin safa, na zuba turaren wuta a kan murfin tukunya. Ko zama ban yi ba wani farin abu da ke manne a rufin ɗakin ya fashe da ihu, sai na ɗakunan kusa suka amsa, gidan duka ya ɗauka. Mutane suka yi ta fitowa, wani da tawul, wata da kumfa a ka, muka tsaya cikin sanyi har 'yan kwana-kwana suka zo da jiniya. Babbansu ya fito riƙe da murfin tukunyata, ya tambayi mai shi. Ranar ce kaɗai maƙwabtana suka kalle ni ido cikin ido.

Wadda aka haɗa ni da ita a wurin aiki sunanta Anika, doguwar mace mai furfura, ba ta kwana-kwana a magana. Ta ba ni riga da wando na aiki da safar hannu, ta ce hijabina ba laifi, in bar abina. Kafin mu shiga sashen ɓerayen ta tambaye ni ko na shafa turare yau. Na ce a'a, kuma gaskiya na faɗa, tun abin da ya faru ranar Lahadi ban taɓa kwalbar ba. Ban lissafa da hijabin da Hajiya ta turara ba. Ni hancina ya daɗe da daina jin sa, a wurina ƙamshin kaya ne kawai.

Ɓerayen nan, 'yan'uwa, sun fi mu gata. Ɗakinsu ba zafi ba sanyi, wuta ba ta ɗaukewa, ana rage musu haske, ana magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki. Kafin a gwada ɓera sai an kai shi ɗakin gwajin ya zauna ya saba da wurin. Wasunsu an canja musu ƙwayar gado guda, irin wadda ake samu a jikin wasu masu otizim, sauran kuma an bar su yadda Allah ya yi su don a kwatanta. Akwai akwati mai ɗaki uku. A sa baƙon ɓera cikin ɗan kejin waya a ɗaki ɗaya, a sa kejin da ba kowa a ɗayan, a saki wanda ake gwadawa a tsakiya, kyamara na kallonsa daga sama. Lafiyayye yakan tafi wurin baƙon ya yi ta sunsunarsa. Wanda aka canja wa ƙwaya sau da yawa ba ruwansa, kejin banza da baƙo duk ɗaya. Wato mutanen da ba sa gaida maƙwabcinsu sun zauna suna auna ko ɓera na gaida baƙo.

Ranar farkon nan ba ɓeran da ya yi abin da aka sani. Lafiyayyu da marasa lafiya duk suka maƙale a kusurwa, wasu na ta lasar jiki, wasu na ɗaga hanci sama. Anika ta duba fitila, ta duba na'urar sanyaya ɗaki, ta sake goge akwatin. Can sai ta tsaya, ta matso kusa da ni, ta kama bakin hijabina ta kai hanci.

"Mene ne wannan?"

"Turaren wuta ne. Surukata ce ta turara mini."

"Yana da daɗi," in ji ta. "Kuma ya ɓata mana aikin yau gaba ɗaya."

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta ba ni sabulun da ba ya ƙamshin komai, na wanka da na wanki. Na yi ta wanke kayana har hannuna ya yi fari, ƙamshin Hajiya bai fita ba, dole na je shagon wasu Turkawa na sayi sababbin hijabai. Tun ina budurwa rabon da in fita ba humra. Na ji ni kamar miya ba gishiri.

Na koyi sauran gwaje-gwajen. Akwai na ƙwallayen gilashi, da ake jerawa a kan garin katako a ga nawa ɓera zai binne, don masu larurar sukan nace wa abu ɗaya su yi ta maimaitawa. Na tsaya ina kallon ɗaya yana ta tona yana binnewa, na tuna marafan kwalba a dakalin gidanmu. Akwai kuma wanda ba na son tunawa. Ana raba jinjirin ɓera da uwarsa na ɗan lokaci a sa shi cikin kwano. In ka kalle shi shiru yake. Amma akwai na'urar da ke kama sautin da kunnen mutum ba ya ji, sai ka ga allon kwamfuta ya cika da zane. Kuka yake yi, yana kiran uwarsa. Na nemi izini na je banɗaki na yi nawa kukan.

Da na ga kwanakina na tafiya, wata rana a wurin cin burodin nan nasu na gaya wa Anika labarin Halifa, na tambaye ta sunan maganin.

"Babu," ta ce. Haka, ba ko ɗan lallashi. "Ba mu da shi, kuma ba zan ce miki yana hanya ba. Ɓera ma ba otizim gare shi ba, ɗan sashe kawai yake nuna mana. Ɗanki ba ɓera ba ne."

Na ce to me zan kai gida.

Ta tambaye ni abin da ya fi tayar masa da hankali. Na ce turare. Ta ajiye burodinta ta ce da yawa cikin yaran nan, ba duka ba, ƙamshi ko ƙara ko haske kan zo musu da ƙarfin da mu ba ma ji, har ya zama azaba. Ta ce in na koma in yi yadda muke yi a ɗakin gwaji, in canja abu ɗaya tak, in bar sauran, in zuba ido. Sannan ta tambaye ni, "Ke kullum kina shafa wancan turaren?"

Wace matar aure ce a Kaduna ke kwana ba humra? Ana gama wankan jego na koma kanta, kuma har na tafi ban daina ba.

Ranar na kira Baban Halifa na gaya masa ba magani, na roƙe shi kada a kunna ko turaren tsinke a gidan. Ya ce to. Na ce ya nuna mini yaron, ya ce yana barci. Kullum na kira yana barci, ko netwok ba kyau.

Ranar da na dawo, da la'asar na iso Badarawa. Tun daga zaure warin ya tare ni, ba turaren ƙamshi ba, wani ɗaci ne na tazargade da saiwoyi mai kama maƙogwaro. Ga kasko a tsakar gida, ga bargo a kan igiya. Na dubi Baban Halifa, ya dubi ƙasa.

"Kin san Hajiya," ya ce. "Ranar da kika ce mini ba magani, tana kusa, ta ji."

Halifa na ƙarƙashin teburin ɗakin Hajiya, idanunsa jajir. Ya buɗe baki, muryar ta dushe, ba abin da ya fito sai iska. Ban kira shi ba, ban miƙa hannu ba. Na zauna a ƙasa nesa da shi da hijabin Turkawan nan. Can sai ya ɗaga hanci. Ya rarrafo, ya tsaya, ya ƙara matsowa. Ya kama hannun rigata ya sunsuna, ya sunsuna wuyana. Sannan ya ɗora kansa a cinyata ya kwanta, ya kama yatsana ya riƙe. Ban san nauyin kan ɗana ba sai ranar.

"Allahu Akbar!" Hajiya ta ɗaga hannu sama tana hawaye. "Kun gani? Kun ga aikin hayaƙi? Maigida ya san uwarsa! A ƙaro gawayi, kada na yamma ya wuce."

Na ce, "Hajiya, wallahi ba hayaƙin ba ne. Turare na daina shafawa. Ƙamshi ne ke yi masa zafi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, mu ne muke korarsa. Can inda na je ko ɓeraye ba a yarda a kai musu ƙamshi."

Fuskarta ta canja. "Mai sunan mijina kike haɗawa da ɓera? Abin da kika hau jirgi kika koyo ke nan?" Ta juya ga ɗanta. "Mun yi alkawari da ita ko ba mu yi ba? Ina maganin?"

Baban Halifa, shaidan namu, ya kau da kai. Ina riƙe da yaron aka ɓamɓare shi daga jikina aka kai shi ƙarƙashin bargo.

Haka muka yi ta yi. Kullum Halifa ya zo ya kwanta a jikina, kullum Hajiya ta ƙara yaba malamin Kawo, ta aika a karɓo wani ƙullin. Na haɗa ta da likita a waya, ta ce ta gode. Na turo yayana daga Unguwar Kanawa, ta ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ga kuma sauƙi kowa na gani da idonsa. Yaron ya fara tari, ya daina jera marafansa, in ya ji ƙarar kasko sai fitsari. Na zauna na yi lissafi irin wanda Anika ta koya mini. Hujjar Hajiya ɗaya ce tak, kuma a jikina take.

Wata safiya na buɗe akwati na ciro kwalbar da jami'in nan ya mayar mini. Na shafa a wuya, na shafa a hannu, na shafa a hijabi, na fita tsakar gida inda Hajiya ke tsintar shinkafa. Halifa ya hango ni ya taho da gudu. Saura kaɗan ya iso ya ja birki. Ya toshe hanci, ya ɗago ya dubi idona, shi da ba ya kallon idon kowa. Sannan ya juya ya nufi bayan tanki.

Na yi haka washegari, na yi jibi. Hajiya ba ta lura da komai ba, don ita ma hancinta ya saba, a wurinta matar ɗanta ce kawai ke ƙamshi yadda ya kamata. Kafin mako ya zagayo ta ce malamin Kawo maƙaryaci ne, aikinsa ba ya ɗorewa, kada wanda ya ƙara ambata mata shi. Ta wanke bargon ta ninke. Kaskon yana bayan ƙofa har yau, kaji na shan ruwa a ciki. Muryar Halifa ta dawo, tarin ya tafi, ya koma kan dakalinsa. Ni kuma ba ni da damar ajiye kwalbar, don ranar da ya sake kwanciya a cinyata a gaban Hajiya, ranar za ta ce hayaƙin ne ya biyo baya da aikinsa.

Ranar Juma'a Hajiya kan tafi wuni gidan 'yarta. Tana fita nake shiga wanka da sabulun Anika, in sa hijabin Turkawa, in shimfiɗa tabarma a tsakar gida in zauna, ba kira ba miƙa hannu. Halifa yakan bar marafansa ya zo bakin ƙofa ya tsaya, ya ɗaga hanci, ya daɗe a haka. Ya riga ya taɓa yarda da ni, ya ga yadda ta ƙare. Har Hajiya ta yi sallama da yamma yana nan tsaye a bakin ƙofa, bai ƙaraso ba.